Ranar da Na Mai da Tukunya Igwa

Ina iya manta ranar da aka sallame ni daga aikin soja, ina iya manta ranar da na fara karɓar fansho, amma abin da ya faru a wani filin tsofaffin ƙarafa a Ajilari, wannan kam sai dai in shiga kabari da shi. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in keke ya bi da ni ta layin nan sai in tsinci kaina ina sunkuyar da kai, ina gyara hular da ba ta karkace ba.

Bari in fara da gaskiyar da na yi shekaru ina ɓoyewa, don in ba haka ba ba za ku gane girman wautata ba. Shekara ashirin da biyu na yi a soja, na fita da igiya biyu, wato kofur. Wannan gaskiya ne. Abin da ban taɓa faɗa wa mutanen unguwarmu ba shi ne, duk shekarun nan kuku ne ni. Tun muna kurata aka gane inda baiwata take. Ranar da aka fara kai mu filin harbi, harsashina biyar na harba, aka je dubawa aka tarar allona fes, ko ƙwarzane babu, na kusa da ni kuma yana da huda tara. Samanjan da ke koya mana ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni sana'ar gidanmu. Na ce mahaifiyata tuwo take sayarwa a Hausari, ni nake tuƙa mata in ta gaji. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe Allah bai halicce ka a banza ba." Washegari aka miƙa mini muciya mai tsawon mutum.

Sai dai Allah ya sa rundunar da aka tura ni ta masu motocin sulke ce, kuma wanda ke raba abinci babu abin da ke ɓoye masa. Na san motocin nan kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Saladin mai taya shida ce, da bindiga gajera mai kauri a ka. Feret 'yar ƙarama ce mai taya huɗu, in tana gudu kamar ɓera ya ga mage. Akwai wata mai tafiya kan sarƙa da muke kira Kunama, ita tun daga nesa kake jin ƙararta a haƙoranka. Da jin ƙarar inji kawai nakan san su wane ne suka dawo, in san kwano nawa zan jera. In sun sauko suna cin abinci sai labari ya ɓarke: yadda aka yi kwanton ɓauna, yadda taya ta fashe a tsakiyar rafi, yadda wane ya harba ya samu. Ni kuwa ina tsaye da ludayi ina haɗiye kowace kalma. Sau ɗaya tak na taɓa shiga cikin Saladin, shi ma kwanon wani direba na shiga ɗaukowa, kuma da zan fito na buga goshina da murfi.

Da na dawo gida Hausari, ban shirya yin ƙarya ba, wallahi. Ita ta same ni. Mutane suka sa mini suna Ba Kofur, wato Baba Kofur, suna ba ni tabarma a gaba. A majalisarmu ta gindin dalbejiya, ƙofar shagon wani tela abokina tun na ƙuruciya, wata rana aka nuna wata tsohuwar motar sulke a talabijin, na ce, "Wannan Feret ce, ku ƙirga tayoyin." Aka ƙirga, huɗu. Telan ya ce, "Kai, Ba Kofur, irinta ka tuƙa?" Da na ce a'a da an wuce wurin. Amma sai na yi murmushi na kaɗa kai, irin kaɗawar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Daga wannan kaɗa kan komai ya tsiro. Bayan shekara guda na zama direban Feret. Bayan shekara uku an ƙara mini girma, ni ne mai harba bindigar Saladin. Kafin shekara goma babu igwar da ban harba ba. Labaran da na tsinta a bakin tukunya duk na gaje su, na cire masu su na sa kaina.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya a duk faɗin unguwar, ita ce matata, don da ita aka yi zaman bariki. Ba ta taɓa tona ni ba, amma ba ta kuma bar ni na sha iska ba. In na dawo daga majalisa ina taku ɗai-ɗai sai ta ce, "Sannu da dawowa, Malam. Yau gari nawa aka ci?" In miyarta ta yi tsami kuwa, ni take kira a ɓoye in gyara mata, sai ta turo ƙofa don kada maƙwabta su ga mai harba igwa yana ɗanɗana gishiri.

To, ran wata Talata da la'asar, cikin zafin bazara, muna zaune a majalisa sai ga keke ya tsaya. Wani Alhaji ya sauko, maƙwabcinmu ne, Babarbare, mutum mai sanyin hali da ba ya shiga harkar kowa. Sana'arsa sayen tsofaffin ƙarafa, abin da muke kira ajakuta a nan, yana da fili a Ajilari inda ake tara su kafin a loda zuwa kudu. Ya gaishe mu da Barbarci, "Wushe, wushe," sannan ya juyo gare ni.

"Ba Kofur, wurinka na zo. Na sayi tarkacen wani tsohon garejin gwamnati da aka yi gwanjo, mota biyu aka kawo mini jiya. A ciki akwai wani abu mai fentin soja, na rasa gane kansa. Kafin a sa masa wuta a yanka, na ce bari masani ya gani."

Masani. Kalmar nan ta shige ni kamar ruwan randa. Na miƙe ina gyara babbar riga, telan ya rufe shago ya ce ba za a yi babu shi ba, wasu mutum uku su ma suka biyo mu a wani keken.

Da muka shiga filin, ga tulin ƙarafa ko'ina, ƙofofin mota, gadaje, injinan niƙa da suka mutu. Alhaji ya kai mu can ƙarshe, jikin katanga. Ina ɗora ido a kan abin gabana ya faɗi, ba don tsoro ba, don ganin tsohuwar sani. Akwatin ƙarfe ne babba a kan taya biyu, da dogon hannu a gaba na maƙalawa a bayan mota. A samansa murafai biyu zagayayyu, kowanne an ɗaure shi da kusoshi masu kunne. A gefe ƙaramar ƙofa. Sannan ga wani dogon bututu baƙi kwance a kansa, bakinsa na kallon gabas.

Gwaggo ce. Haka muke kiranta, don duk inda ta tsaya 'ya'ya sai sun taru. Kicin ne na tafi-da-gidanka, wanda ake ja a bayan babbar mota in za a shiga daji. Murafan nan biyu tukwane ne, ɗaya ta shinkafa ɗaya ta miya. Ƙaramar ƙofar nan ta murhu ce. Bututun kuwa na hayaƙi ne, ana kwantar da shi in za a yi tafiya, a tayar da shi in za a hura wuta. Shekara goma sha ɗaya na yi ina girki a kan irinta. Tabon ƙunar da ke hannuna na hagu, wanda na ce wa majalisa ɓarɓashin bam ne, murfin irinta ne ya yi mini.

Kafin in buɗe baki telan ya riga ni. Ya zagaya abin, ya leƙa bakin bututun, ya ja da baya. "La ilaha illallahu! Ba Kofur, wannan ai igwa ce! Ba irinta ba ce ka ce kun harba ranar da kuka tsallake kogin nan?"

Duk ido ya dawo kaina. Ma'aikatan Alhaji sun ajiye gudumarsu, masu wucewa sun fara leƙowa ta ƙofa. Na sha tunanin wannan daƙiƙar daga baya. Babu abin da zai hana in ce, "Kicin ne, na san shi." Ai mai harba igwa ma yana cin abinci, ya san inda ake dafa shi. Babu wanda zai zarge ni. Amma mai ɓoye abu gani yake kowa na hango shi. Na ji kamar in na furta kalmar kicin, ƙanshin albasa zai tashi daga jikina kowa ya ji.

Na yi gyaran murya na ce, "Ita ce."

Daga nan bakina ya ƙwace. Na dafa bututun hayaƙi na ce wannan bakinta ne, in ta yi tari daga nan sai an ji a Konduga. Na nuna ƙofar murhu na ce ta nan ake ɗura harsashi. Na ce tsohuwa ce ƙwarai, tun ta zamanin Turawa, yanzu ko a bariki da wuya a samu wanda ya san sunanta. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka, ni kuwa da na ga haka sai na ƙara miƙe ƙirji. Ana cikin haka sai na hango ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ɗauko guduma ya nufi murfi, zai kwance kusoshin ya ga abin da ke ciki. Na san abin da zai gani: tukunya, wataƙila har da ƙanzon shinkafa na shekara talatin. Sai na daka masa tsawa irin ta fareti.

"Kai! Kada ka taɓa! Wa ya sani ko akwai sauran harsashi a ciki? In ya tashi, unguwar nan gaba ɗaya sai labari!"

Ya saki gudumar. Mutane suka watse da baya har wani ya faɗa kan tulin ƙarfe. Ni a raina daɗi nake ji, na tsare asirina. Ko kaɗan ban tsaya na tuna a wane gari nake magana ba. Garin da mutane suka sha jin ƙarar fashewa har suka iya bambanta ta kusa da ta nesa, garin da ba a wasa da kalmar bam ko a bakin mahaukaci. Na ga fuskar Alhaji ta canza, ya ce a hankali, "To yanzu ya zan yi, Ba Kofur?" Na ce, "Ka rufe ta da tamfol kawai, kada kowa ya matso." Na hau keke na koma gida, na ci tuwo na ƙoshi.

Washegari da hantsi ina shan kunu sai na ji ana buga ƙofa kamar za a ɓalle ta. Telan ne, ko hula babu. Ya ce hoton da aka ɗauka ya zaga gari tun jiya, ya kai ga bulaman Ajilari, wato mai unguwa, shi kuma ya yi abin da ya wajaba a kansa, ya kai rahoto. Tun da safe sojoji suka zagaye filin. An fitar da mutanen gidajen da ke kewaye, an sallami yaran wata Islamiyya da ke bayan katangar. Alhaji kuma yana zaune a ƙasa, an karɓe wayarsa, ana tambayarsa inda ya samo makami da wanda zai kai wa. Takardar gwanjonsa tarkacen ƙarfe kawai ta ce, ba ta ambaci igwa ba. "Sun ce da zarar masu kwance bam sun gama, da shi za su tafi," in ji telan. "Mahaifiyarsa tun da ta ji ta faɗi, ana ta yayyafa mata ruwa."

Kowa a garin nan ya san ma'anar a tafi da mutum kan zargin makami a shekarun nan. Ko da gaskiyarka, kafin ta fito wata nawa ne, kuma sunan da ya manne maka ba ya wankuwa. Na ajiye kunun. Na ce wa telan ya jira ni a waje.

Matata tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta ji komai. Ta ce, "Malam, ka san abin nan?"

Na ce, "Na sani."

"Mene ne?"

Na kasa kallonta. Na ce, "Gwaggo ce."

Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa, amma ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shiga ɗaki, na ji ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da littafina na sallama daga aiki, wanda aka rubuta sana'ata a ciki ɓaro-ɓaro. Ta ɗora mini a cinya. "Shekara nawa ina jin ka ina yin shiru, don na ga ba ka cuci kowa ba sai kanka. Yau ka cuci wani. Sa takalminka. In kuma ƙafarka ta yi nauyi, ba ni littafin in yafa mayafi, ni ma na ci shinkafar Gwaggo, na san ta."

Tafiyar keke daga Hausari zuwa Ajilari ba ta taɓa yi mini gajarta irin ta ranar ba. Ina ta addu'a taya ta yi faci, ba ta yi ba. A hanya na tsara maganata: zan ja shugabansu gefe, in raɗa masa cewa na sake tunani, wataƙila kuskure na yi. Kun ji fa, har a lokacin ina neman ƙofar da zan fita da rigata fara.

Mun tarar da jama'a maƙil a bakin layi, an ja igiya an tare hanya, mata da goyo suna tsaye a rana. Da aka gan ni sai aka fara buɗa mini hanya, ana cewa, "Ga shi nan, ga wanda ya gane ta." Wata tsohuwa har ta sa mini albarka, ta ce ba don ni ba da duk sun hallaka. Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Sojan da ke bakin igiya ya tare ni. Na ƙame na sara masa, na faɗi lambata ta aiki da har yau ban manta ba, na ce ina da bayani kan abin da ke ciki. Ya kai ni wurin shugabansu, wani laftana matashi wanda bai fi sa'an ɗana na uku ba. Can bayansa na hango Alhaji zaune a ƙasa, hularsa a gefe, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ɗago ya dube ni da irin kallon wanda ya ga mai ceto, na kawar da kai.

Na matsa kusa da laftanan na rage murya. "Yallaɓai, abin nan ba makami ba ne. Kicin ne."

Ya ce, "Me?"

"Kicin, yallaɓai. Na dafa abinci."

Ya ciro waya daga aljihu, ya danna, ya juyo mini da ita. Ga ni nan da babbar riga, na dafa bututun hayaƙi, ina cewa sai an ji a Konduga. Ya bari na kalli kaina har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, wannan ba kai ba ne? Jiya ka ce igwa, yau ka ce kicin. A wanne ka yi ƙarya? Don ni ban taɓa ganin irin abin nan ba, ya girme ni. Ba zan sa ran yarana a kan maganar mutumin da ke canza baki kullum ba. Ta yaya ka san kicin ne?"

Babu sauran ƙofa. Na miƙa masa littafin. Ya buɗe, ya bi da yatsa, ya tsaya a wani layi. Ya dube ni, ya sake duba layin. Ba da mugunta ya yi ba, na tabbata, mamaki ne ya sa ya karanta da ƙarfi.

"Kuku?"

Telan yana tsaye a bakin igiya, taku biyar daga inda muke. Na ji lokacin da kalmar ta isa gare shi, don ya ce "Iye?" Daga nan na ji ta tana tafiya cikin jama'a baki zuwa baki, har ta kai ƙarshen layi, wasu na fassara wa wasu da Barbarci.

Na ce, "Ƙwarai, yallaɓai. Shekara ashirin da biyu. Goma sha ɗaya a kan irin wannan."

Duk da haka bai saki Alhaji nan take ba, kuma bai yi laifi ba. Ya ce sai masu kwance bam sun duba. Da suka iso suka zagaya ta da na'urarsu, suka leƙa bututun da fitila, babbansu ya sa aka kira ni ya ce in faɗa masa abin da zai tarar kafin ya buɗe. Nan na yi bayanin da ya fi kowane bayani da na taɓa yi gaskiya. Na ce a ƙofar gefe zai ga raga ta ƙarfe da toka ke zuba ta ciki. Na ce tukunyar dama ta fi ta hagu zurfi. Na ce a ƙasan ta hagu akwai famfo na tsiyaye ruwan wanki. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ce haka ne. Kusoshin murfin kuwa suka ƙi kwantuwa, sun yi ta fama. Na ce ba haka ake yi ba, sai an danna murfin da gwiwa tukuna. Ya ce to zo ka yi.

Haka na tattare babbar riga a gaban unguwa guda, na hau kan Gwaggo, na tayar da bututun hayaƙi ya tsaya cak yana kallon sama, na danna murfi da gwiwa na murɗa. Hannuna bai manta ba. Murfin ya buɗe da ƙara. A ciki babu komai sai tsatsa, da sheƙar ɓera, da wani ƙaton ludayi da ya lanƙwashe. Wani soja ya zaro ludayin ya ɗaga sama ya ce, "Ga harsashin!"

Dariyar da aka yi ranar ban taɓa jin irinta ba. Dariya ce ta mutanen da suka wuni da tsoro aka ce musu su koma gida. Har tsohuwar da ta sa mini albarka na hango tana riƙe ciki. Laftanan ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa. Amma da ya gama ya kira ni gefe, fuskarsa ba wasa, ya ce, "Baba, ka san mutum nawa ka tayar yau? Da wani ne da na tafi da shi. Darajar furfurarka da littafin nan ka ci." Na ce na gode, na sara masa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Bayan an rubuta bayaninsa an mayar masa da waya, Alhaji ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya sa hula. Ya zo zai wuce ta gabana sai ya tsaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba Kofur, tun jiya ka sani?" Na ce na sani. Ya ce, "Da an tafi da ni fa?" Ya wuce ya tafi duba mahaifiyarsa.

Kwana tara ban fita majalisa ba, masallaci ma sai an tayar nake shiga sahun baya. Ran na goma telan ya zo har gida ya ce shagonsa ya yi shiru, in fito a yi mini dariyar a gama, don ba za ta ruɓe a cikinsu ba. Na fita, aka yi mini ita son rai. Da suka gaji, wani ya ce, "To yanzu tsakani da Allah, me ka gani a sojan?" Sai na ba su labarin da ban taɓa bayarwa ba, don babu igwa a cikinsa. Na ce a wata ƙasa da aka tura mu aikin kwantar da tarzoma, wata safiya motoci shida suka fita sintiri, na dafa musu shinkafa da wake na jera kwanoni ina jira. Da yamma na kasa kunne, na ji ƙarar inji biyar. Tun kafin su shigo na san wacce ce babu, na san kwanonin da ba za a ɗauka ba. Ɗaya na wani direba ne da kullum yake roƙona ƙanzo, na kuwa ajiye masa. Ban iya zubar da abincin ba, ban iya ba wani ba, haka na zauna gadinsa har ya huce. Telan ya daɗe yana kallon zaren da ke hannunsa, sannan ya ce, "Shekara nawa kana da wannan, kake ba mu na bogi?"

Wurin Alhaji kuwa sai da na je sau uku. Na farko aka ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofa. Na biyu ya amsa gaisuwa kawai. Na uku na tafi da limamin unguwa, na durƙusa gaban mahaifiyarsa na nemi gafara, ta yi mini faɗa da Barbarci wanda rabinsa kawai na gane, kuma rabin ya ishe ni. Sannan Alhaji ya ce ya yafe. Muna gaisawa har yau, amma bai sake kirana in duba masa komai ba. Na so in roƙe shi ya bar Gwaggo kada a yanka ta, na ga ba ni da bakin roƙo. A satin aka sa mata wuta, aka loda ta da sauran ƙarafa.

Abin da na koya shi ne, na daɗe ina zaton ƙaryar da mutum ya yi a kan kansa tasa ce shi kaɗai, kamar rigar aro, in ta yage shi zai ji kunya. Ashe ba haka ba ne. Tana zaune lafiya shekara da shekaru, ran da aka zo taɓa ta kuwa za ka kare ta da duk abin da hannunka ya kai, ko da wuyan maƙwabcinka ne, kuma ba za ka lura ba sai ka gan shi zaune a ƙasa. Aikin da na ciyar da mutane da shi, na aurar da 'ya'yana da shi, shi na ji kunyarsa, na je na ari na wasu. Yanzu in baƙo ya zauna a majalisa ya tambayi abin da na yi a soja, ba na bari telan ya riga ni. Nakan ce masa kuku ne ni, kuma a bataliyarmu ba a taɓa kwana da yunwa ba.